Yatsa Huɗu Saman Ruwa

Ran nan ina zaune a zaure na ji jikata Hajara tana yi wa ƙanenta faɗa don ya ɗora tukunya a karkace, miya ta zube. Ta ce masa, "Kai dai kullum sai aikin Braima." Yara suka kwashe da dariya. Hajara ba ta san wane ne Braima ba, uwarta ma ba ta sani ba. A gidan nan kuka tashi kuka ji ana faɗa: duk abin da aka yi da ganganci har ya jawo ɓarna, aikin Braima ne. Tun ina saurayi nake jin wannan magana ina sunkuyar da kai. Yau na ce a ba ni takarda da alƙalami.

A shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Turawa, muna Salaga, a gidan da kakanmu ya gina lokacin da ya zo fataucin goro daga ƙasar Hausa. Kasuwar garin ta riga ta kwanta, rabin ɗakunan baƙi na gidanmu awaki ne ke kwana ciki, amma Baba bai saki goro ba. Yakan sayo daga ƙasar Asante, ya kawo Yeji, a ƙetare kogi da shi, sannan a hau da shi Salaga. Kada ku je neman wurin, tafki ya cinye tsohuwar Yeji da mashigarta tun tuni. A lokacin kogi ne mai gudu, kuma idan ya cika a ƙarshen damina, motoci sukan yi kwanaki a layi suna jiran jirgin gwamnati ya ƙetarar da su. Goro kuwa ba ya jira. Kwana uku a rana sai ka kwance huhu ka tarar sankara ta shiga.

Ni ne ɗan farin Baba. Ku da kuka tashi kuna hawa cinyar ubanku ba za ku gane wannan ba sai na faɗa muku dalla-dalla. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan na shiga zaure na durƙusa na gaishe shi, carbinsa yake kallo ya amsa. Inna ta fi shi kunya, ko ɗakinta ban saba shiga ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka mutanen kirki suke yi da ɗan fari a zamanin, kuma ni ma halina ya ƙara wa abin nauyi, don ko a makaranta idan malami ya kira ni sai muryata ta maƙale. Littafi ne abokin hirata. Abin da ya sa gidan bai yi mini duhu ba shi ne Baffa Garba, ƙanen Baba. Ƙato ne mai tumbi, haƙoransa jajur da goro, dariyarsa har maƙwabta. Shi ne bakin Baba a wurina, shi ne bakina a wurin Baba. Ko takalmi nake so, shi zan gaya wa. Malam Takarda yake ce mini.

Na dawo hutu daga makarantar horon malamai na tarar da wani akwatin katako a zaure. Inji ne na jirgin ruwa, irin wanda ake ratayawa a baya, Baba ya saya a hannun wani Kwara, Balarabe mai kanti, a Kumasi. Ya yi niyyar ya riƙa ƙetarar da goronsa da kansa, ba tare da jiran kowa ba. A cikin akwatin akwai ɗan littafi na Turanci, bangonsa ya yage, mai ya ɓata gefensa. Baffa ya miƙo mini.

"Yaya ya ce tun da an daɗe ana tura ka makarantar Nasara kana cin tuwo a banza, ga ranarka ta zo."

Na ce, "Haka ya ce, Baffa?"

"To, zancen tuwon ni na ƙara. Amma aikin naka ne. Karanta ka gaya mana inda ake ɗaura wa jakin nan linzami."

Mako uku na yi a bakin kogin Yeji. A can na san Braima. Mutumin Gonja ne, a mashigar aka haife shi, tun yana yaro yake tuƙa jirgi da gora da filafili, kuma shi Baba ya ɗauka ya riƙe masa babban kwalekwalen da ya saya. Siriri ne, ba ya yawan magana, Hausarsa ta bakin kogi. Yana da mata da 'ya'ya uku a wata bukka a bayan masu ƙyafe kifi. Malam ƙarami yake kirana.

Kwalekwale ba a sassaƙa shi don inji ba, bayansa tsini ne kamar gabansa. Sai da muka kira kafinta ya yanke tsinin, ya toshe wurin da katako mai kauri, sannan muka kafa wani katakon a kansa wanda injin zai riƙe. A nan aikin yake, a tsayin wannan katako. Littafin ya yi bayani, na karanta har na haddace. A saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar fiffike, dole ya zauna daidai da ƙasan jirgi, ruwa ya rufe shi. In injin ya yi ƙasa da yawa, zai riƙa jan jirgi baya, ya bugi duwatsu. In ya yi sama, farfela za ta sha iska maimakon ruwa, injin ya yi ta kururuwa, jirgi kuwa ya tsaya cik. Amma Baturen da ya rubuta littafin bai san kwalekwalenmu ba, bai san yadda yake nutsewa in an loda shi ba. Saboda haka na sa aka cika buhuna da yashi, kowanne na auna shi da nauyin huhun goro, muka jera su daga gaba har baya, muka shiga ruwa. Mu fita, in ɗaga katakon yatsa ɗaya, mu koma. Mu fita, in sauke shi rabin yatsa. Na sa kafinta ya huda ramuka jeri uku, don in kaya sun canza a kwance noti huɗu a sauke katakon ko a ɗaga shi. Da na samu daidai, na ɗauki farin fenti na ja layi a jikin jirgin daga baya. In ruwa ya taɓa layin, farfela tana inda ya kamata.

Braima ya tsuguna yana kallona ina jan layin.

"Malam ƙarami, kogi bai yi makaranta ba. Ka rubuta masa, zai karanta?"

Na ce, "Ba kogi na rubuta wa ba, mu na rubuta wa."

Ya yi dariya, ya tofar da asawakinsa. Amma daga ranar, ba ya tayar da inji sai ya leƙa ya duba layin. Cikin kwana kaɗan ya fi ni sanin injin. Ni littafi na sani, shi kuwa da kunne yake jin in farfela ta fara shan iska.

Ranar da muka yi gwajin ƙarshe Baba ya zo daga Salaga, ya tsaya a kan gaɓa. Muka ƙetara da buhunan yashi muka dawo kafin masu gora su kai tsakiya. Mutanen mashiga suka taru suna ihu. Ina ɗaure igiya na ji Baba ya ce wa Baffa, ba tare da ya dubi wajena ba:

"Ka ce wa wancan ya yi ƙoƙari."

Baffa ya juyo ya daka mini duka a baya. "Ka ji ko? Ba sai na fassara ba."

Ban taɓa jin irin wannan daga bakin Baba ba. Na riƙe kalmomin nan kamar ƙwai. Ku lura da wannan, don shi ya sa na yi abin da na yi.

Goron farko ya iso da hantsi, ranar wata Talata, kogi ya cika har gindin itatuwa. Masu dako suka jera huhuna kamar yadda na nuna musu, daga gaba har kusa da inji. Na duba layin, ruwa na lasar sa. Braima ya zuba fetur. Baba ya sauko, ya sa ƙafa ɗaya a jirgi, sai ya tsaya yana shaƙar iska. Ya sunkuya ya shinshina huhun da ke kusa da injin. Duk wanda ya tashi a gidan goro ya san abin da ke ransa. Goro yana ɗaukar wari kamar nono. Ko kusa da kananzir ba a ajiye shi, ko mai turare ba a bari ya zauna kan huhu. In ya ɗauki warin fetur, dillalin farko da ya gutsura zai tofar, kuma sunan gidanmu ya tafi. Baba ya ɗaga hannu.

"A matsar da su gaba. Duka. A bar fili tsakaninsu da ƙarfen nan."

Aka kwashe huhunan baya aka ɗora su a kan na gaba, aka yi tudu. Baffa ya hau can ƙarshen gaba don ya danne tabarmar da aka rufa musu, kada feshin ruwa ya jiƙa su. Baba ya zauna a tsakiya, ya ba mu baya. Ni da Braima muna wajen inji. Hancin jirgin ya nutse, bayansa ya ɗaga. Na leƙa. Farin layina yana sama, busasshe. Na sa hannu na auna: yatsa huɗu tsakaninsa da ruwa.

Braima ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Malam ƙarami, ruwa ya bar layi."

Na san abin da ya kamata. Noti huɗu ne, a kwance, a sauke katakon rami ɗaya ko biyu, a ɗaure. Kafin mutum ya shanye ƙoƙon koko an gama. Amma sai an ce wa Baba a dakata, kuma dalilin shi ne umarnin da ya bayar yanzun nan a gaban masu dako da dillalai. Baffa yana can gaba, tsayin jirgi guda tsakaninmu, sai dai in ɗaga murya ta bisa kan Baba. Ko kuwa in taɓa kafaɗar Baba in yi masa magana da bakina, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Kuma in kwance a gaban jama'a aikin da aka ce na yi ƙoƙari a kansa. Na dubi ƙeyar Baba, na dubi layin. Na gaya wa kaina fiffiken yana cikin ruwa har yanzu, ko da ƙyar ne.

Braima ya sake cewa, "Littafi ya ce mene?"

Na ce, "Zai yi."

Ya dube ni ɗan lokaci. Sannan ya ja igiyar inji.

A bakin gaɓa ruwa a kwance yake, muka tafi lafiya. Baffa ya juyo yana ɗaga mini hannu, yana wata magana da ƙarar inji ta hana ni ji, ina dai ganin jan haƙoransa. Da muka shiga tsakiya inda ruwa ke tafasa, jirgin ya fara sukuwa. Gaba ya faɗa rami, baya ya tashi, injin ya yi wata ƙara da har yau nake ji in mai niƙa ya tayar da injinsa babu hatsi. Farfela tana juyawa a iska. Braima ya danna injin da dukan ƙarfinsa, ya kama ruwa, ya sake saki. Jirgi ya rasa gudu, ruwa ya juya shi a gicciye. Braima ya saki inji ya fizgi filafili, amma kwalekwale mai nauyin gaba ba ya jin filafili ɗaya. Wani kututture da ambaliya ta ɗauko ya buge mu a hanci. Tudun huhunan ya zame gaba ɗaya, da tabarma, da Baffa.

Jirgin bai kife ba, ruwa dai ya cika shi. Baba ya faɗa ta gefe, Braima ya bi shi, ya kamo wuyan rigarsa ya maƙala hannunsa a bakin jirgi. Ya sake nutsewa neman Baffa. Sau uku yana nutsewa. Baffa yana sanye da babbar riga, kuma bai iya ruwa ba. Ni ina riƙe da katakon nan nawa, ban yi komai ba. Sai a rana ta uku masunta suka sami gawar Baffa can ƙasa, a cikin rassan wata bishiya.

Bayan sadakar bakwai aka zauna a zauren Sarkin Zango, shugaban baƙin Hausawa na Yeji, da dattawan mashiga. Kowa ya ji kururuwar injin daga gaɓa, kowa yana da ra'ayi. Aka ce matuƙin gora ne aka ba ƙarfen da bai sani ba, ya murɗa shi fiye da kima. Sarkin Zango ya juyo wajena.

"Kai ɗan makaranta, yadda littafin ya ce, haka ka ɗaura injin?"

Na ce, "Haka na ɗaura, ranka ya daɗe."

Ba ƙarya na yi ba, amma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai wannan gaskiyar muni ba. Aka tambayi Braima ko yana da magana. Yana tsugune a bakin ƙofa. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce Allah ya riga ya rubuta. Dattawan mashiga suka yanke cewa ba zai ƙara ɗaukar mutum ko kaya a Yeji ba. Baba yana zaune a wurin, carbinsa yake ja daga farko har ƙarshe.

Gidanmu ya mutu a tsaye. Baba ya daina fita zaure. Babu mai ɗaukar magana tsakanina da shi, sai ya zama in yana son wani abu daga gare ni, bango yake gaya wa in ina kusa. A bakin matan gida aka fara cewa aikin Braima, da kuka da tsinuwa, kafin shekaru su mayar da ita abin dariya. Da rani ya yi Baba ya ce ya bar goro, ya bar kogi. Ya sayar da gidan kakanmu, ya ce Bawku za mu koma, inda wani abokinsa ke cinikin hatsi da dabbobi. Abin da ya kawo mu garin nan ke nan, ba albarkar kasuwa ba kamar yadda aka gaya muku.

A hanya motarmu ta tsaya a Yendi za a canza wata. Masu dako suka yanyame mu. Wanda ya ɗauki akwatin littattafaina a ka, da gammo na tsumma, Braima ne. Ya rame, ƙafafunsa sun tsage, ƙafafun da suka saba da ruwa. Na bi shi har bayan motar, inda Baba ba ya ganinmu. Na tambaye shi iyali. Ya ce matar ta koma gidansu da yaran, ƙaramin ya rasu da sanyi.

Ya ce, "Ka gaya wa Baba?"

Na girgiza kai.

"Bar shi. In ka gaya, zai sani shi ya ce a matsa goro. Mutum ya rasa ƙane, kada ka ƙara masa."

Na ce, "Kai fa?"

Ya gyara gammonsa. "Ni na ga layi, Malam ƙarami. Na tambayi mai littafi, mai littafi ya ce zai yi. Da na bi idona." Ya ɗaga akwatin ya miƙa wa yaron mota. "Littafi yana da nauyi."

Ban ƙara ganinsa ba. Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya: na ji daɗin maganarsa. Ya ba ni dalilin yin shiru, na karɓa hannu biyu. Shekara da shekaru ina gaya wa kaina don Baba nake yi. Na zama malamin makaranta, aka san ni da ƙa'ida, yara suna tsoron jan alƙalamina. Sau biyu na je Yendi da niyyar nemansa. Na farko na juya daga tasha. Na biyu aka ce mini wani ɗan Gonja mai dako ya rasu da daɗewa, ba wanda ya san inda danginsa suke.

Baba ya tsufa a nan Bawku, a ɗakin da yanzu kuke ajiye masara. A ciwonsa na ƙarshe ni nake juya shi, ni nake ba shi ruwa, duk ba ma magana. Wata rana bayan la'asar, ya juya fuskarsa bango, na ga in ban faɗa yau ba, ba zan faɗa ba har abada. Na durƙusa a bakin gado. Karo na farko a rayuwata na fara yi masa magana ba tare da an tambaye ni ba.

"Baba, ranar nan a Yeji, da aka matsar da goro..."

Bai juyo ba. Ya ɗaga hannunsa na dama daga cikin mayafi, ya naɗe babban yatsa, ya bar huɗu a tsaye.

"Na waiga na ga ana aunawa," ya ce wa bangon. "Na san ba a banza ake aunawa ba. Na jira a yi mini magana. Ba a yi ba, ni kuma ban iya tambaya ba."

Can ya ce, "Mutumin nan shi ya fid da ni daga ruwa. Na zauna a zauren Sarki ina kallo aka kore shi."

Hannun ya koma cikin mayafi. Bayan kwana biyu ya cika, bai kira sunana ba, ni ma ban sa rai ba.

To, kun ji. Ban rubuta wannan don ku zagi kakanku ba, ko ku zagi al'adar da ta raine mu, don mutane da yawa sun rayu cikinta lafiya. Mu uku muka ga layin nan a bushe. A cikinmu mutum ɗaya ne ya buɗe baki, shi ne kuma ya rasa kogi, da mata, da ɗa, da suna. Ba ni da gonar da zan ba 'ya'yansa, ban ma san inda suke ba. Sunansa kaɗai ya rage a hannunmu, kuma kullum a bakin murhu muke jefar da shi.

Daga yau kada in ƙara jin an ce aikin Braima a gidan nan. In yaro ya ga tukunya a karkace ya wuce bai yi magana ba har miya ta zube, kuma lalle sai kun kira sunan wani, sunana Idi.